Wakilan Aji Huɗu

Baba Matiyu na Vimtim ne ya fara ganin malanta a jikin Margret 'yar Levi. Shi ya gani kafin uwarta, kafin fasto, kafin masu manyan riguna na jami'ar da ke Mubi su san akwai mai wannan suna a duniya. Kuma ba a aji ya gani ba, shi da bai taɓa zama a aji ba. A kan dutse ya gani, shekarar gudu, lokacin da 'yan bindiga suka shigo Mubi, mutanen ƙauyuka suka watse suka nufi iyakar Kamaru da abin da hannu zai iya ɗauka.

Matiyu ya hau duwatsun nan da gwiwa ɗaya mai lafiya, da akuya a wuya. Ba a ranar ne mutuwa ta fara biyo shi ta koma hannu wofi ba. Agana ta zane masa fuska yana yaro, ta gaji ta bar shi. Mayo, wato kogin garinsu, ya taɓa tafiya da shi har wani gari, ya dawo da ƙafarsa, ya tarar ana zaman makokinsa, ya zauna ya ci tuwon. Irin wannan mutum ba ya rufe ido don ana gudu.

A inda suka fake, yara sun yi ta kuka, manya kuma ba mai bakin rarrashi. Sai ga Margret, lokacin budurwa ce da ta gama sakandare, ta tara su a gindin wani falalen dutse, ta raba musu tsakuwa, ta sa su lissafi. Ta ce duk wanda ya yi kuka, tsakuwarsa ta zama ta na kusa da shi. Kafin rana ta karkata babu kuka, sai gardamar wa ya fi wani tsakuwa. Matiyu ya taɓa Levi da sanda ya ce, “Abokina, ka haifi malama.” Levi ya yi dariya ya ce, “Mu dai fara komawa gida.” Levi bai koma ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi a can ƙetare, aka binne shi a ƙasar da ba a jin yarensa. Tun daga nan Matiyu ya riƙe maganar nan kamar kayan da aka bar masa ajiya.

Margret ta daɗe kafin ta ga ƙofar jami'a. Ta yi noma, ta yi tuyar ƙuli-ƙuli da uwarta, ta yi renon ƙannenta. Sai da ta doshi talatin ta samu shiga sashen horar da malamai, kullum tana bayan mashin zuwa gari, 'yan ajinta suna ce mata anti. A shekarar ƙarshe aka turo ta koyarwar gwaji a firamaren ƙauyensu, aka ba ta aji huɗu. Ƙa'idar ita ce, wata malama daga jami'a za ta zo ta zauna a bayan aji, ta kalli yadda take koyarwa, ta ba ta maki. In ba maki, sai a maimaita shekara.

Malamar, Dokta Sumayyat, ta zo karon farko ta tarar an rufe makaranta, ana jana'izar wani dattijo. Ta ce ɗalibanta suna warwatse tun daga Lamorde har Maiha, kowa sau biyu take zuwa masa, don haka zuwanta na gaba shi ne na ƙarshe. Ta sa ranar Alhamis.

Da yammacin Laraba Margret ta biyo ta gidan Matiyu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna masa babban kwalin da ta zana taswirar ƙauyen a kai, da ja da shuɗi da kore.

“Baba, in na faɗi ba zan koma ba,” in ji ta. “Na gaji da zama cikin yaran da na girme musu nesa ba kusa ba.”

“Wa zai kayar da ke? Ni na ce ke malama ce.”

“Ai ba kai za ka ba da makin ba, Baba.”

“Kuskurensu ke nan,” in ji Matiyu.

A shekarar, damina ta ɗauke da wuri. Gyaɗa ta nuna, amma ƙasa ta yi tauri, in ka ja sai ganye ya biyo hannunka, 'ya'yan su zauna a ƙasa suna maka dariya. Kowa na duban sama. To, da asubahin Alhamis ɗin nan sai ruwa ya sauko, irin wanda ko yaro ya san shi ne na ban kwana. Matiyu yana jin sa a kan kwano gabansa ya faɗi, domin ya san abin da ke biye. Ƙasar da ta yi laushi yau, gobe ta sake kullewa. Kafin gari ya gama wayewa, duk mai hannu biyu a Vimtim yana hanyar gona, har yaran da tsayinsu bai kai kwandon da suke ɗauke da shi ba. Jikansa Friday, ɗan aji huɗu, yana cikinsu.

Ya dogara sanda ya tafi makaranta. Margret tana tsaye a ƙofar aji da kwalinta a hammata, takalminta duk laka, alamar ta zaga gidaje. Bencina suna nan a jere, ba kowa. Hedimasta ya tafi mararraba taryen Dokta.

“Kowa ya ba ni haƙuri,” ta ce. “Ni ma da ba don wannan ba, ina gonar Mama.”

Matiyu ya leƙa ajin. Manomi ne, bakinsa ba zai iya cewa a bar gyaɗa a ƙasa ba, ko don 'yar Levi. Ya juya ya nufi tsamiyar tsakiyar gari, inda ragowar mutanen ƙauyen suke, wato waɗanda gona ta sallama. Akwai Bakari, abokin faɗansa tun suna kiwon awaki, yana jan carbi da ido ɗaya. Akwai Dada Fatimatu da lallen da ya ƙi barin tafinta. Akwai Kwaji, wanda sai an shiga kunnensa yake ji, da wasu tsofaffi da dama suna shan hantsi.

A hanya tunanin gayya ya zo masa. A zamaninsu, in mutum ya kira gayya, tun da sassafe ganga ke tashi. Maza su jeru da fartanya daga wannan kunya zuwa waccan, mata na biye da waƙa, a ajiye tulun kunu ga masu salla, ɗaya tulun kuma ga waɗanda ba sai an faɗi sunansa ba. Gonar da mutum zai yi mako a kanta, kafin azahar ta zama tarihi. Yanzu samari feshi suke yi, kowa da tankinsa a baya, ba ganga ba waƙa. Amma doka ɗaya ta gayya ba ta mutu ba: gidan da maigidansa ba zai iya zuwa ba, ba ya barin layinsa fanko. Yakan tura wakili. Ko gurgu ne, ko tsohuwa, a dai ga ƙafar gidan a wurin. Kuma abin da aka ci a gayya, wakili yakan kai wa gida rabonsa.

Ya tsaya a gaban tsamiya ya buga sanda a ƙasa.

“Na kira gayya.”

“A wace gonar?” in ji Bakari. “Wadda ka sayar ko wadda ciyawa ta ƙwace?”

“A gonar 'yar Levi. Duk gidan da ke da yaro a aji huɗu, ya tashi wakili. Kai, mai ido ɗaya, ba jikanka Mubashshir yana ajin ba?”

“Yana ciki. To, me zan je in yi? Ni rabona da allo tun kafin haƙoranka su zube.”

“Zama za ka yi. Shi ne sana'arka yanzu.”

Dada Fatimatu ta ce ita ba ta da jika a ajin, amma gidan su Divine maƙwabtanta ba su da tsoho ko ɗaya, za ta tsaya musu. Ta gyara ɗaurin zane ta miƙe. Da ta miƙe, kunya ta tayar da sauran. Kwaji bai ji abin da aka ce ba, ya ga ana tafiya ya bi.

Margret tana share allo ta ji ƙarar sanduna a baranda. Ta waiwaya ta ga tsofaffin garin suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna cusa gwiwoyinsu a ƙarƙashin bencin yara da nishi da salati da kiran sunan Yesu, kowa da nasa.

“Baba, mene ne wannan?”

“Aji,” in ji Matiyu. “Ba aji kika rasa ba?”

“Baba, ba haka ake yi ba. Don Allah ku tashi kafin…”

Ba ta ƙarasa ba, mashin ya tsaya a waje. Dokta Sumayyat ta sauko, doguwar mace da farin gilashi, jaka a kafaɗa, hedimasta na biye da ita. Ta zo ƙofa ta tsaya. Ta dubi furfurar da ke cike da ajin, ta dubi lambar da ke saman ƙofa, ta sake duban furfurar. Hedimasta ya tuna yana da aiki a ofis.

Ta gaida su da ladabi, da Hausarta irin ta rediyo, sannan ta ce, “Ina 'yan ajin?”

Matiyu ya miƙe, da ƙyar ya zaro ƙafarsa daga benci. “Ga mu. Ni ne Friday. Wancan Mubashshir ne. Waccan Divine. Yaran suna cirar gyaɗa, gidajensu sun turo wakilai. Haka muke yi a nan, ba a barin layi fanko.”

Ya jira ta yaba. Ba ta yaba ba. Ta cire gilashi ta goge, ta mayar.

“Baba, na gode da zuwanku. Amma an turo ni in ga yadda take koyar da yara 'yan aji huɗu. Wannan ba zan iya sa masa maki ba.” Ta juya ga Margret, muryarta ta sauya. “Ke kika tara su don ki cike mini benci?”

A nan ne Matiyu ya gane abin da ya jawo wa yarinyar. Aji fanko rashin sa'a ne. Aji na ƙarya kuwa wani abu ne daban, wanda zai iya bin mutum har cikin takardunsa. Ya buɗe baki zai yi magana, Margret ta riga shi.

“Ban tara su ba, Dokta. Amma sun shigo aji sun zauna, kuma lokacin darasi ya yi. Ba zan kore su ba.”

Ta juya musu.

“Barkanku da safiya, 'yan aji huɗu.”

“Barka kadai, Malama,” in ji Dada Fatimatu ita kaɗai. Sauran suka biyo baya a warwatse, Kwaji ya zo ƙarshe da “Amin.”

Ta ɗaga kwalinta ta ce yau za a koyi taswira. Bakari ya karkata kai ya ce yana ganin wani abu kamar zanen atamfa. Wata tsohuwa ta tambaya ko na sayarwa ne. Margret ta dubi kwalin da ta ɓata darare a kansa, ta naɗe shi ta jingine a lungu. Ta sa aka ja bencina baya suka yi da'ira, ta tsuguna a tsakiya da alli a hannu.

“Da ku shaho ne, kuna can sama kuna shawagi a kan Vimtim, me za ku gani?”

“Kajin Matiyu,” in ji Bakari. “Sai in sauko.”

Aka yi dariya. Margret ta bari ta lafa, ta sake tambaya. Sai Dada Fatimatu ta ce, a hankali, “Ni na taɓa gani. Ranar da muka hau dutse, na waiwayo. Gidaje kamar an kife ƙore. Mayo kamar igiyar da aka yar a ƙasa. Na ga rumbuna, ƙarami kamar ƙwai. Na ce ashe duk abin da na tara bai fi haka ba.”

Ba wanda ya yi dariya. Kowa a ɗakin ya yi wannan waiwayen.

“To, Divine,” in ji Margret, “abin da kika gani shi ne taswira. Zo ki nuna mini inda mayo ya bi.”

Tsohuwar ta karɓi alli a karon farko a rayuwarta, ta sunkuya ta ja layi mai lanƙwasa a kan siminti. Margret ta zana tsamiya. Daga nan sai abu ya ɓalle. Kowa na son a sa gidansa. Aka sa coci, aka sa masallaci, aka sa hanyar Mubi. Aka sa maƙerar da ta rufe tun da maƙerin ya rasu, da filin da ake kokawa bayan girbi, wanda yanzu shagunan cajin waya ne. Kwaji, da ya gane abin da ake yi, ya ajiye goronsa a wani wuri ya ce nan ne gidan Levi na da, kafin a ƙona. Margret ta zagaye goron da alli.

Rigima ta tashi a kan tsohuwar rijiya, wadda aka cike tun kafin a haifi Margret. Matiyu ya ce tana hannun dama da tsamiya. Bakari, da ke zaune a ɗaya gefen da'irar, ya ce hagu.

“Dama. Ni na faɗa cikinta ina yaro, na fito da kaina.”

“Da kai ka faɗa, shi ya sa. Hagu.”

Matiyu ya miƙe yana kaɗa sanda, yana lissafa wa Bakari duk ƙaryar da ya yi tun zamanin kiwo. Murya ta hau murya. Sai ya ji an ce:

“Friday, zauna. Ba a magana a ajina sai an ɗaga hannu.”

Margret ce. Yarinyar da ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba, ita ce ke dubansa ido cikin ido. Matiyu ya dube ta. Agana ba ta zaunar da shi ba, ruwa bai zaunar da shi ba, masu bindiga ba su zaunar da shi ba. Amma shi da bakinsa ya ce shi ne Friday, kuma wakili ba ya zaɓen abin da zai ɗauka daga rabon gida. Ya zauna. Can kuma ya ɗaga hannu, har da sandar.

Ba ta kira shi ba. Ta sa shi da Bakari suka yi musayar wuri, ta ce kowa ya sake nuna rijiyar. Matiyu ya duba, sai ga ta a hagu. Bakari ya duba da idonsa ɗaya, sai ga ta a dama. Wuri ɗaya suke nunawa tun farko.

“Shi ya sa taswira ba ta aiki da dama da hagu,” in ji Margret. “Ina rana ke fitowa?” Duk sanduna suka nuna bango ɗaya. Ta rubuta gabas a can, ta ja kibiya zuwa arewa. “Rijiyar tana gabas da tsamiya. Ko ina mutum ya zauna, tana gabas.”

“Abin da na faɗa ke nan,” in ji Matiyu.

“Friday, hannu.”

Da aka kaɗa ƙararrawa ta ce musu, tunda wakilai ne, kowa ya kai wa gidansa rabonsa. Yau da yamma, in yara sun dawo daga gona sun ci abinci, a share ƙasa a zana musu abin da aka koya.

Sai a lokacin Matiyu ya tuna da Dokta. Ba ta tafi ba. Tana zaune a ƙarshen benci kusa da Kwaji, jakarta a ƙasa, ba wanda ya ga lokacin da ta zauna. Ta miƙe ta kira Margret gefe, amma kunnen Matiyu ba irin na Kwaji ba ne.

“Ba zan ba ki maki a kan wannan aji ba, ƙa'ida yara ta ce. Amma ba zan rubuta na tarar da aji fanko ba, don ban tarar ba. Zan dawo Litinin. Ban taɓa zuwa wa kowa sau uku ba, kada sauran su ji.” Ta juyo wurinsa. “Baba, ranar Litinin ainihin Friday nake so.”

“Zai zo,” in ji Matiyu, “ko a goye.”

Kwanakin da suka biyo baya, duk tsakar gidan da ka leƙa da yamma, akwai tsoho a tsugune da kara a hannu, da yaro mai ƙasar gyaɗa a farce yana hamma a gabansa. Ranar Litinin ajin ya cika da masu shi. Tsofaffin suka tsaya a bayan taga, wai inuwa suka biyo. Margret ta buɗe kwalinta, yaran suka duba suka ce bai cika ba. Ina maƙera? Ina filin kokawa? Ina gidan Levi na da? Wata yarinya ta fito ta ɗora yatsa gabas da tsamiya ta ce an manta rijiya. Dokta ta tambayi Margret ko rijiyar tana da ruwa, Margret ta ce ko ita ba ta taɓa ganinta ba. Dokta ta sunkuyar da kai ta yi rubutu mai tsawo.

Margret ta ci. Yanzu ita ke riƙe da aji huɗun nan da takardarta cikakkiya, kuma ta roƙi hedimasta a riƙa daidaita gwajin ɗaliban jami'a da lokacin cirar gyaɗa, kada wani ya sha abin da ta sha.

Akwai masu cewa Matiyu ya kusa jefa yarinyar a rami da gayyarsa, sa'a ce kawai ta fitar da ita. Bakari ne shugabansu. Matiyu ba ya musu da su, don wanda ya zauna a aji ba ya gardama da baki wofi. Duk mai shakka, ko daga Mubi yake ko daga Yola, ko da digiri nawa a aljihunsa, ya hau mashin ya zo Vimtim, ya tambayi tsamiya. A share ƙasa, a ba shi kara, a ba Matiyu kara, kowa ya zana garinsu daga sama, da na yanzu da wanda babu. In ya riga Matiyu gamawa, kajin nan da Bakari ke kwaɗayi nasa ne.